In za a ari littafin kakanku a kai shi baje koli ƙasar waje

Gidaje da yawa a nan Kaduna, musamman na malamai a Tudun Wada da Unguwar Sarki, akwai tsohon Alƙur'ani rubutun hannu ko waƙoƙin ajami a cikin gafaka, wata rana sai a zo ana cewa wani gidan tarihi a Ingila ko Jamus na son aro. Kafin ka ce to, ɗan dakata malam.

Ka fara da ƙirga warƙoƙin. Littattafanmu ba ɗinke suke ba, falle-falle ne a cikin tadarishi, wato bangon da ake rufe su da shi, in guda ɗaya ya zame ba mai lura sai bayan shekaru. Ka ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya, inda gara ta ci, inda ruwa ya taɓa, inda gefe ya yage, a rubuta duka, kai da su ku sa hannu. Da wannan takardar za a duba littafin ranar da ya dawo. In baka saba ba ka leƙa Arewa House ko ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan garin, suna da masu aikin rubuce-rubucen Larabci da ajami.

Abin da ya fi damuna shi ne iska. Takardar nan ta saba da hunturunmu da ke busar da komai har fata ta tsage, ta saba da laimar Agusta, amma a hankali take shiga ɗaya ta fita ɗaya, to ka ɗauke ta yau gobe tana ɗaki mai na'urar sanyaya ko ɗumama iska a Turai, nan ne take lanƙwashewa, fatar gafakar ta yi tauri, tawadar ta fara ɓarewa. Tawadar da ake haɗawa da bagaruwa da kashin maƙera ma da kanta take cin takarda in ta samu danshi. Littattafan Timbuktu da aka gudu da su Bamako a 2012 ai da danshi suka yi ta fama can. Don haka a rubuta cewa laima ta tsaya wajen kashi 50 cikin 100 kar tai ta hawa da sauka, zafi wajen digiri 20, kuma in akwatin ya sauka a bar shi a rufe awa 24 kafin a buɗe.

Haske kuma ɓarnarsa bata gyaruwa, jan wasali da ruwan ɗorawa in suka kode shikenan. Ƙa'idar masu wannan aiki lukus 50 ne a ma'aunin haske, wato dishi-dishi, kuma kar ya wuce kamar wata uku a waje. In za a daɗe a riƙa canza shafi. Ba filashin kyamara.

Dan Allah kar kace bari in gyara shi kafin baƙi su gani. Ba salatif, ba gam, ba laminatin. Na taɓa ganin wanda ya liƙe yagewa da salatif, bayan 'yan shekaru wurin ya koma ruwan ƙasa har rubutun ya ɗago.

Sai maganar hukuma. Kayan tarihi basa fita Najeriya sai da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, suna da gidan tarihi a titin Ali Akilu, ka je ka tambaya da kanka. Inshora kuma a kan masu aro take, daga ɗakinka har ya dawo ɗakinka, da ranar dawowa a rubuce. Mutum ya raka akwatin, kar a jefa shi cikin kaya.

In Alƙur'ani ne ka faɗa musu yadda kuke so a riƙe shi da inda za a ajiye, su ma suna tambayar haka. In kuma takardar ta riga ta fara marmashewa, ka basu hotuna masu kyau su buga, asalin ya zauna a gida.