Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa durom na gashin hayaƙi

Duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato sai in fara ganin matasa a nan Daura ɗauke da durom a bayan babur, sun nufi wajen masu walda. Sun ga yadda ake gasa nama a hankali cikin hayaƙi har ya riƙa saki daga jikin ƙashi, suna so su gwada da naman layya. Abin sha'awa ne, ni ma haka na fara. Abin da ya gundure ni shi ne bayan Sallah su dawo da kuka iri ɗaya: nama ya yi ɗaci, ko waje ya ƙone ciki ɗanye, ko yana warin garejin makanike. In ka bi diddigi, kuskuren bara ne wani ya sake yi bana.

Zan fara da wanda zai iya kashe mutum, wato sayen durom ba tare da ka san abin da ya taɓa zama a cikinsa ba.

Nawa na farko na saye shi ne don ya yi araha. Irin rufaffen nan ne mai ƙananan baki biyu a sama. Mai sayarwa ya ce man gyaɗa aka zuba a ciki, ni kuma ban buɗe na shinshina ba. Na kai wa mai walda ya yanke min saman, na tarar maigidan ya fita, sai yaron shagon, wanda bai wuce shekara sha bakwai ba. Ya jona giranda ya ɗora a bakin durom. Tartsatsi na shiga ciki sai ƙara, irin wadda na ji a cikin ƙirjina kafin in ji a kunne. Saman durom ɗin ya kumbura ya tsage, yaron ya faɗi can gefe, hannunsa na dama ya ƙone daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Makonni muka yi muna zuwa wankin ciwo, kuma har yau tabon yana nan. Da maigidansa ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka san abin da ke cikin durom ɗin nan kafin ka kawo mana?" Na rasa amsa, kuma tambayar ba ta bar ni ba.

Ku fahimci wannan da kyau, domin a nan ne mutane ke ruɗuwa. Durom ɗin fetur da aka juye ya fi cikakke haɗari wajen yanka. Tururin da ya rage ya gauraya da iska shi ne yake fashewa, kuma yakan daɗe a cikin rufaffen durom ko da ka leƙa ka ga ƙasan a bushe ƙamas. Mu da ke kusa da bakin iyaka, durom da yawa da ke yawo a hannun mutane fetur ko gas ko kalanzir suka ɗauka. Wasu kuma maganin feshin gona ne, ko tina, ko baƙin mai. Waɗannan na ƙarshe ko da ba su fashe ba, ba na yarda in ɗora abincin 'ya'yana a cikinsu, ko sau nawa aka ƙona su. Wasu za su ce maka wuta tana cinye komai. Ni dai ban yarda ba, kuma ba zan gwada a kan iyalina ba.

Abin da nake yi yanzu: ba na sayen durom sai mai buɗaɗɗen sama, wanda murfinsa ke fita gaba ɗaya, ana ɗaure shi da zoben ƙarfe. Irin wannan ba ya bukatar yanka, kuma ka samu murfi a ɓagas. Ina neman wanda takardar kamfani ke manne a jikinsa tana nuna kayan abinci ne, kamar man girki ko ruwan lemo mai kauri. Ina sa kaina a ciki in shinshina. In dole sai rufaffe, to a buɗe bakin nan biyu, a wanke da ruwa da omo, sannan a cika shi da ruwa har kusa da inda za a yanka, ruwan yana ciki ake yankan. Mai waldan da ya ce maka ba sai an yi haka ba, ɗauki kayanka ka tafi wani wuri.

Ko na abincin ma akwai sauran aiki. Yawancinsu an shafe cikinsu da wani rufi ja-ja ko ruwan ƙasa don kada ƙarfe ya taɓa abinci, ga kuma fentin waje. Duka sai sun ƙone. A fara huda ramukan iska na ƙasa, a cika shi da itace, a kai shi fili nesa da gidaje, a bar wuta ta ci sa'o'i har fentin ya zube. Kada ka tsaya ta inda iska ke kai hayaƙin. In ya huce a kankare da buroshin ƙarfe har a ga farin ƙarfe, a wanke, a shafe cikin da man gyaɗa, a sake kunna gawayi babu nama. Rana guda ke nan cur, kuma ita ce ranar da masu gaggawa ke tsallakewa.

Kuskure na biyu ba ya kisa, amma shi ya fi cin nama. Mutane suna ɗaukar durom ɗin hayaƙi kamar tukubar mai tsire. Ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Mai tsire yana son garwashi a buɗe da nama yankan siriri, yana juyawa yana shafa mai, minti kaɗan ya sauke. Durom kuwa rufaffen ɗaki ne da ake hana wuta iska don ta riƙa ci a hankali, zafi ya tsaya tsakanin digiri 110 zuwa 130 na Salshiyas na tsawon sa'o'i biyar ko shida. Aikin duka na iska ne. Wanda bai kama wannan ba, ko wane gwanin walda ya haɗa masa, asara zai yi.

Ni a kan ragon layya na koya. Bayan na samu durom mai kyau, sai na sa aka yanka masa babbar ƙofa a gefe, wai don in riƙa ƙara gawayi. Ƙofar ba ta rufuwa da kyau, iska na shiga ta ko'ina. Na cika ƙasan da gawayi, na kunna duka lokaci guda har ya yi jawur, na jera cinyoyi biyu da haƙarƙari, na rufe. Kitse ya fara ɗiga a kan garwashi, ina buɗe murfi wuta ta tashi. Da na ga haka sai na toshe ramin murfin don in kashe ta, hayaƙi fari mai kauri ya taru a ciki ya zauna a kan naman. Abin da na fitar baƙi ne a waje, ja a jikin ƙashi, ga ɗaci da ke kama harshe. Kawuna ya zo yawon Sallah, ya ɗanɗana ya ajiye, ya ce, "Ɗana, naman layya amana ne, akwai rabon maƙwabta a ciki. Ba a koyon aiki a kansa." Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga mutum ya karɓo durom daga wajen walda ranar Arfa, ya ce gobe zai zuba rago a ciki. Haba! Ka sayi kaza ɗaya ko zabo mako biyu kafin Sallah ka gwada mana. Me ake ci na sauri?

Ga yadda nawa yake yanzu. Durom ɗin da aka saba da shi yana cin lita 200 da ɗoriya, tsayinsa kusan santimita 88, faɗinsa kusan 57. Babu ƙofa a gefe. Ramuka uku ne kawai a ƙasa, kowanne faɗin kamar santimita 2, an huda su kamar santimita 5 daga gindin durom. Da mayen ƙarfen tsofaffin sifiku nake toshe su, in ture kaɗan in ina son ƙarin zafi. Wasu suna sa famfon ƙarfe, yana aiki, ni dai wannan na saba da shi. A murfi akwai rami guda na kamar santimita 5, kuma wannan a buɗe yake tun daga farko har ƙarshe. Ta ƙasa ake rage wuta, ba a taɓa toshe sama muddin nama na ciki.

Gawayi ba a ƙasan durom yake zama ba. Kwandon ƙarfe ne da shi mai ƙafafu kamar santimita 7, don toka ta zube ƙasa, iska ta bi ta ƙarƙashi. In ka zuba shi kai tsaye a gindi, tokarsa ce za ta shaƙe shi bayan sa'a biyu. Ragar nama kuma ta yi nisan kamar santimita 60 daga gindin kwandon, ta zauna a kan noti huɗu da aka ɗaura a jikin durom. Masu walda da yawa a tsakiya suke sa ta saboda idonsu ya saba da tukuba. Ka tsaya a kansu da ma'auni a hannunka.

Wajen kunnawa, ina cika kwandon da gawayin da ba a kunna ba, in cusa guntayen itace uku ko huɗu a tsakani, sannan in kunna kamar cikin tafi biyu a kurfoti daban, in sun kama in juye a sama. Wutar za ta riƙa gangarawa a hankali, kwando guda ya kai ka yini. Ba na sa nama sai farin hayaƙin farko ya wuce, ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi wanda da ƙyar ake ganinsa. Masu jin cewa yawan hayaƙi shi ne daɗi, su ne masu cin ɗaci.

Sai maganar itace, wadda nake ganin ana wasa da ita. Gawayin kirya shi ne nawa in na samu, yana da nauyi, yana daɗewa. Don ƙamshi ina sa busasshen mangwaro ko gwaiba, wani lokaci tsamiya. Darbejiya tana ko'ina a garin nan, amma a bakina hayaƙinta ɗaci yake bari, ba na kusantarta. Tumfafiya da aguwa masu farin ruwa, wannan ruwan guba ne, kada su shiga. Haka ragowar katakon kafinta mai fenti ko gam. Ɗanyen itace ma a bar shi ya bushe. Kuma don Allah a daina kunna gawayi da kalanzir ko leda. A buɗaɗɗen murhu warin yakan tafi, a rufaffen durom kuwa cikin nama yake shiga.

Sauran ƙanana ne, amma kowanne na ga ya ɓata wa wani aiki. Kada a yi raga ko kwando da ƙarfe mai rufin zinki, irin kwanon rufi da wayar shinge, domin in ya yi zafi sosai tururinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Ragar tsohon firji ma a bar ta, ba don wuta aka yi rufinta ba. Baƙin rodi siriri ya wadatar. Ba a fentin cikin durom, mai kawai ake shafawa. A sa wa murfi mariƙin katako. A sayi ma'aunin zafi mai tsinke a sa shi daidai da ragar nama, hannu a kan murfi ba ya faɗa maka komai. Kaza ko zabo sai cikin cinya ya kai digiri 74. A daina buɗe murfi kowane minti goma ana nuna wa baƙi, kowace buɗewa iska ce ka ba wuta.

Yajin ƙuli-ƙuli ba ya jure sa'a shida a cikin hayaƙi, gyaɗar ƙonewa take yi. Gishiri, citta, tafarnuwa da masoro nake shafawa da farko, yaji sai an sauke.

Akwai wani lokaci da babban nama kamar ƙirjin saniya ko kafaɗar rago yakan tsaya cak, zafin cikinsa ya ƙi wuce wajen digiri 70 na sa'a ɗaya ko biyu. Ruwan jikinsa ne ke fita yana sanyaya shi, kamar yadda gumi ke yi wa mutum. Nan ne mutane ke firgita su buɗe duk ramuka. Ka bar shi, ko ka naɗe shi ka mayar. Ni da takardar aluminiyam nake naɗewa, ba na amfani da takardar buhun siminti ko da kowa na yi. Sai ya kai wajen digiri 90 zuwa 95 jijiyoyinsa ke narkewa, tsinke ya shige ba turjiya.

Lokacin hunturu iska tana hura ramukan ƙasa ta hargitsa zafi, sai ka ga mutum ya ja durom cikin soro ya rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum ciwon kai da jiri da barci zai ji. A tsakar gida ake yi, a jingina da katanga ta tare iskar, nesa da danni da inda yara ke wasa.

Wani abu da matan gida suka fi tambayata shi ne ko naman nan yana ajiyuwa. To, ba kilishi ba ne, ba kuma soyayyen naman layya ba ne da ake ajiyewa a kwalla. Dafaffen nama ne mai ruwa a jikinsa, in ba a ci a ranar ba sai firji. Mai son bandar tarwaɗa ta ajiya, irin wadda ake samowa daga madatsar Sabke, sai ya rage wuta sosai bayan kifin ya gasu, ya bar shi ya ci gaba da bushewa har ya yi ƙarau, wani lokaci sai an sake mayar da shi washegari.

In an gama, a toshe ramukan ƙasa da na murfi, wutar za ta mutu da kanta, ragowar gawayin ya yi maka wani gashin. Washegari a kwashe tokar tas. Toka in ta haɗu da ruwan damina cin ƙarfe take yi, har takan huda gindin durom. Nawa a ƙarƙashin rumfa yake zama, a kan bulo uku, da murfinsa a rufe.