Yadda ake koyar da To Kill a Mockingbird a babbar sakandare

Kada a fara da babi na ɗaya. Harper Lee ta fitar da littafin a 1960, amma labarin na jihar Alabama ne a Amurka, tsakanin 1933 da 1935. Ɗalibin da bai san dokokin Jim Crow na wariyar launin fata ba zai ɗauka abin da ya sami Tom Robinson, baƙar fatar da aka zarga da yi wa Mayella Ewell, farar fata, fyaɗe, ƙaddara ce kawai ta faɗa wa mutum ɗaya. Don haka darasi biyu na farko na tarihi ne: baƙar fata makarantarsu daban, cocinsu daban, har a kotu wurin zamansu daban. A ba su labarin shari'ar Scottsboro ta 1931, inda aka zargi samari baƙaƙe 9 da yi wa mata farare 2 fyaɗe, daga baya ɗayar ta janye zarginta.

Babi 31 ne, mako 6 ya isa. Babi na 1 zuwa 11 a karanta a gida cikin mako 2. Nan ɗalibai ke gajiya, don yawanci wasan yara ne da tsoron Boo Radley, maƙwabcinsu da ba ya fita daga gida, sai a riƙa tuna musu shari'a na tafe.

Babi na 17 zuwa 21 kuwa, wato na shari'ar Tom, a aji za a karanta su, a hankali. A raba allo gida uku: sunan mai shaida, abin da ya faɗa, da abin da ya ƙaryata shi. Raunin Mayella a ɓarin dama na fuskarta yake. Mahaifinta, Bob Ewell, bahago ne. Hannun Tom na hagu ya shanye tun yana yaro, injin gurzar auduga ya kama shi. Malami ya kama bakinsa, ya bar su su haɗa waɗannan da kansu. Kafin a buɗe babi na 21 a sa su kaɗa ƙuri'a a takarda: Tom mai laifi ne ko a'a? Sannan a karanta hukuncin da farare 12 masu taya alƙali shari'a suka yanke, cewa mai laifi ne, a tambaye su dalili.

Kalmar nan ta zagin baƙar fata tana ko'ina a littafin. Tun ranar farko a kafa doka: ana ganinta a shafi, ba a furta ta, har malamin. Yara sun saba jin ta a waƙoƙi, in aka sake sai ta zama abin tsokana a lokacin tara. Haka ma kada a ba wata matsayin Mayella a wasan kwaikwayo, sunan zai bi ta har ta gama makaranta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙare zango ana yabon Atticus, lauyan da ya kare Tom, a manta da wanda aka kashe. Scout, 'yar Atticus, yarinya farar fata, ita ke ba da labarin, muryar Tom kuma sai a babi na 19 ake jin ta sosai. Aikin gida na ƙarshe ya zama shafi ɗaya da bakin matarsa Helen, ranar da Atticus da mai aikin gidansa Calpurnia suka kawo mata labarin an harbe shi.