Dattijanmu da Wayar Hannu: Kurakuran da Ke Taɓa Lafiya

Akwai tambaya guda da masu binciken lafiya ke yi wa tsofaffi: yaya kake jin jikinka, garau, da dama-dama, ko babu daɗi? Amsar da mutum ya bayar da bakinsa tana da nauyi. An kuma lura a ƙasar Sin da ƙasashen Turai cewa dattijan da ke amfani da intanet sun fi cewa suna jin daɗin jikinsu. Ba abin mamaki ba ne. Hajiya a Ƙofar Ƙaura ta ga fuskar jikanta na Kaduna ta WhatsApp, ranar ko ciwon gwiwar nan sai ta manta da shi.

Sai dai babban kuskuren daga nan yake tasowa, wato ɗaukar jin daɗi a matsayin awo. Hawan jini kan yi shekaru a jikin mutum ba ciwon kai, ba jiri. Alhaji ya saurari saƙon murya na wani da bai san ko wane ne ba, ana cewa tafarnuwa da zogale sun wadatar, sai ya tura ƙwayoyinsa ƙarƙashin katifa. Ka yi magana, ya ce, "Kai yaro, ni lafiyata lau." Wannan abu yana tayar mini da hankali matuƙa, domin shanyewar ɓarin jiki ba ta yin sallama. Gyaran kuwa shi ne kada a ajiye magani sai likitan da ya rubuta ya ce a ajiye. A riƙa zuwa awo, ko a asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Katsina, ko a ƙaramin asibitin unguwa. Idan awo ya riƙa kai 140/90 ko ya haura, sai a ga likita. Mai ciwon suga ma haka, kada ya ajiye magani, ya riƙa zuwa awo.

Kuskure na biyu shi ne tura duk saƙon da ya shigo. A 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaye Najeriya cewa a sha ruwan gishiri, a yi wanka da shi, har aka rasa rayuka. Kafin a tura, a tambaya: wa ya faɗa, a wane asibiti yake aiki? Maganin da ake tallarsa kuma a duba lambar NAFDAC.

Riƙe waya har tsakar dare ma yana cinye barci. Bayan isha'i da 'yar hira, a ajiye ta.

Wani kuskuren na 'ya'ya ne. Baba ya tambayi abu sau biyu, sai a ce, "Kawo in yi maka," ko a ɓoye wayar gaba ɗaya. An raba shi ke nan da zumuncin da ke sanyaya masa rai. A zauna kusa da shi, a ƙara masa girman rubutu, a nuna masa yadda ake kiran bidiyo har ya iya da hannunsa. A kuma roƙe shi, duk saƙon magani da ya shigo, ya fara turo wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa kafin ya gwada.