Yadda ake tsara binciken kohot, wato bin sawun rukunin mutane

Kohot dai a baki sauƙi gareshi: ka ɗebi mutanen da basu kamu da cutar ba tukuna, ka bi su shekara da shekaru kaga wa zai kamu wa zai tsira. Wurin yi ne ake jin jiki.

Da farko ka tsayar da tambaya ɗaya tak. A 1951 Richard Doll da Bradford Hill na Ingila tambayarsu kawai ita ce, shin taba sigari na jawo kansar huhu? Sai suka aikawa likitocin ƙasar takardar tambayoyi, kusan 40,000 suka amsa. To me yasa likitoci? Saboda sunansu na rajista, ko mutum ya tashi daga garinsu ko ya rasu za'a sani. Wannan shine mataki na biyu, kuma ni a ganina yafi komai, ka zaɓi mutanen da zaka iya samu gobe da jibi.

Na uku, duk mai ɗauke da cutar tun farko ka cire shi, in ba haka ba bazaka san wanne ya riga wanne ba tsakanin cutar da shan tabar. Ka karɓi izinin kwamitin ɗa'a (masu tabbatar da cewa binciken bazai cutar da mutane ba) da sa hannun kowa, sannan ka rubuta wa ke shan taba, kara nawa a rana, tun yaushe, ka haɗa da shekaru da sana'a da sauran abubuwan da suma kansu ke iya jawo cutar, don kar daga baya ka ɗorawa taba laifin tsufa.

Sai bibiya, nan fa ake yinta. Binciken zuciya na garin Framingham a Amurka ya fara a 1948 da mutum 5,209, duk shekara biyu sai an sake duba su, har aka zo kan 'ya'yansu da jikokinsu. A wurinmu kuwa mutum zai canza layi ko ya tafi cirani ka neme shi ka rasa, shi yasa tun ranar farko ka karɓi lamba biyu, kwatancen gida, da lambar wani ɗan uwa. Kuma abin haushin shine sau da yawa wanda ciwo ya kwantar shi ne baya dawowa, kaga lissafinka ya karkace kenan.

Lissafin kansa ba wuya. A ce cikin mashaya taba 1,000 mutum 30 sun kamu, cikin marasa sha 1,000 kuma 10 ne, raba 30 da 10, haɗarin mashaya ya ninka sau uku.

In babu kuɗi ko lokaci ana iya komawa tsofaffin fayil na asibiti a bi sawun daga can, in dai an cike su da kyau. Cutar da ba kasafai ake samu ba kuwa kar ma ka fara da kohot, zaka shekara goma kana jiran mutum biyar.