Yadda Za Ka Gane Ma'anar Kalmar "Outlet" Duk Inda Ka Ci Karo da Ita

Kalmomi biyu ne suka haɗu suka ba da outlet: out, wato waje, da let, wato bari ko ƙyalewa. Ana furta ta "autlet", da ƙarfi a gaɓar farko. Tun ƙarni na 13 take cikin Turanci, kuma a lokacin tana nufin bakin kogi, inda ruwa ke ficewa. Ma'anar lantarki ta shigo a ƙarshen ƙarni na 19, ta kanti kuma a shekarun 1930. Duka dai mafita ce. Don haka in ka gan ta, fara da tambayar abin da ke fita, sannan ka dubi kalmar da ke maƙwabtaka da ita.

In ana maganar ruwa ne, kishiyarta ita ce inlet, mashiga. Tafkin Biktoriya yana da mafita a Jinja ta ƙasar Yuganda, inda kogin Nilu ke ɗaukar ruwansa. Tafkin Chadi kuwa ba shi da kogin da ke fitar da ruwansa zuwa teku, duk da Shari da Komadugu Yobe suna zuba masa. A jikin injin ban ruwa ko hitar wanka za ka ga an rubuta kalmomin biyu, wani lokaci kibiya kawai. Tiyon da ke zuƙo ruwa daga rijiya a inlet ake ɗaura shi, wanda ke kai ruwa gona kuma a outlet. In aka juya su, inji zai yi ta ruri ba ɗigo ko ɗaya, kuma in ya daɗe yana aiki a bushe robar da ke hana yoyo za ta ƙone.

Inda aka fi tafka asara shi ne wajen lantarki. Ba'amurke in ya ce outlet, soket ɗin bango yake nufi, abin da mutanen Ingila ke kira socket. Saboda haka in takardar bayanin wata na'ura ta ce a jona ta a outlet, akwai alamar don kasuwar Amurka aka yi ta, inda wutar gida take bolt 120. Tamu a Najeriya 230 ce, ta Nijar ma kusan haka. Kafin ka jona, juya na'urar ka karanta abin da aka buga a bayanta ko a jikin cajarta. In ka ga 100-240V, adafta kawai kake bukata don filoginta ya shiga soket ɗinka. In kuwa 110V ko 120V kaɗai aka rubuta, sai ka nemi tiransifomar rage ƙarfin wuta wadda wat ɗinta ya ɗara na na'urar. Adafta bakin filogi kawai yake sauyawa, ba ya rage wuta ko kaɗan, shi ya sa injin markaɗe ko na aski da aka aiko daga Amurka kan ƙone nan take.

A kasuwanci, retail outlet kowane shago ne da ake sayar wa jama'a kaya ɗai-ɗai, har gidajen mai haka jaridun Najeriya ke kiransu. Factory outlet ko outlet store kuwa kantin kamfani ne da ke karyar da kayan da suka yi kwantai ko masu ɗan aibi, irin na Bicester Village a Ingila da Woodbury Common a jihar New York. Mai saro kaya ya lura: wasu kamfanoni na ɗinka kaya na daban, masu ƙarancin inganci, musamman don waɗannan kantuna.

Media outlet ko news outlet kafar yaɗa labarai ce, kamar rediyo ko jarida. In kuma for ta biyo bayan kalmar, kamar a an outlet for anger, ana nufin hanyar huce haushi ko sauke damuwa.

Wajen amfani da ita, suna ce, jam'inta outlets. In aikin fitarwa kake nufi, let out za ka ce. Ƙofar da mutane ke bi su fita daga gini ko jirgi kuma exit ce, ba a kiranta outlet.