Yadda Ake Shirya Hawan Dutse Duk Shekara Don Zagayowar Ranar Haihuwar Aboki

Abokinmu haihuwar Disamba ne, kuma mutum ne da ba ya son hayaniyar ɗakin taro. Wata shekara da ranar haihuwarsa ta gabato muka tambaye shi abin da yake so, sai ya ce mu dai raka shi saman duwatsun Shere. Mu bakwai muka je. Tun daga lokacin abin ya zame mana al'ada, har waɗanda aiki ya kai su Abuja da Bauchi suna dawowa Jos saboda wannan rana. Ga yadda muke yi, ko wani zai so ya yi wa nasa aminin.

Abu na farko, a tsayar da rana guda da ba ta motsi. Mu Asabar ɗin da ta fi kusa da ranar haihuwar muka zaɓa. Idan aka ce sai kowa ya samu sarari, to ba za a taɓa tafiya ba. A sanar tun da saura wata biyu, mai neman hutu ya nema, mai iyali ya shirya gida. Sai dai a duba yanayi. Damina a Filato tana farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, kuma dutse idan ya jiƙe santsinsa ba na wasa ba ne, ga tsawa a sama. In abokinku ɗan Agusta ne, ku kira shi ranar ku yi masa addu'a, hawan kuma a ɗaga shi zuwa Nuwamba.

Na biyu, zaɓen dutse. A nan ne samari suka fi yin kuskure, domin sukan auna tafiyar da ƙarfin wanda ya fi kowa ƙwari. A auna ta da wanda ya fi kowa saurin haki. Duwatsun Shere suna gabashin Jos, kimanin kilomita 10 daga cikin gari, kuma ƙololuwarsu ta kai wajen mita 1,829 daga doron teku. Kada adadin ya tsorata kowa, garin Jos kansa yana kan kusan mita 1,200 ne, saboda haka an riga an rage muku hanya. Duk da haka ba dole ba ne a kai ƙololuwa, akwai tuddai na tsaka-tsaki da ake hango gari sarai daga kansu. Mutanen Zariya suna da Kufena kusa da Wusasa. Na Kano kuwa, idan akwai dattijo ko mai ciwon gwiwa a cikinku, Dutsen Dala yana da matakala, kuma daga samansa ana ganin tsohon birni shimfiɗe.

Na uku, kada a hau dutsen mutane kamar ba shi da masu shi. Kewayen Shere ƙasar Afizere ce, waɗanda muka fi sani da Jarawa, akwai gonakinsu a gindin dutse, akwai kuma wuraren da suke girmamawa. Mutum ɗaya ya je tun ana saura mako, ya gaisa da mutanen wurin, ya nemi ɗan jagora, a yi ciniki a gama. A yankin ne kuma cibiyar horar da shugabanci ta gwamnatin tarayya take, wadda aka fi sani da Man O' War, kuma mutanenta sun san hanyoyin. Ku tambayi lafiyar hanya ana gobe tafiya, kada ku dogara da labarin bara. In aka ce muku a dakata, ku dakata. Kada a baza ranar tafiya da inda za a je a Facebook kafin a tafi. Hotuna su jira sai an sauko. A gida kuma kowa ya faɗi inda za shi da lokacin da zai dawo.

Sai batun kuɗi da guzuri. Karo-karo muke yi, ma'aji ɗaya, kuma mai ranar ba ya ba da ko sisi. A sa kuɗin daidai aljihun wanda ya fi kowa ƙaramin ƙarfi, mai hali ya ƙara a ɓoye. Na ga ƙungiyar abokai da ta watse saboda an mayar da irin wannan fita gasar nuna arziki, shi ya sa nake nanata wannan.

Kowa ya ɗauki ruwansa, aƙalla lita 2. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da kilishi ba su da nauyi kuma suna riƙe ciki. Dafaffen dankalin Turawa da yaji ya fi shinkafa sauƙin ɗauka. Kunun aya kuwa a bar shi gida, yana tsami kafin a kai sama. Babban kek ma haka, jaka za ta dagargaza shi. Alkaki da cincin sun fi jure hanya. Filas ɗin shayi biyu ba su yi yawa ba, domin sanyin Jos na Disamba da asuba yana ratsa ƙashi, iskar sama kuma ta fi ta ƙasa cizo. A sa rigar sanyi wadda za a iya cirewa in rana ta ɗaga, da hula, da man kaɗanya don leɓe. Takalmi ya zama kambas mai kama ƙasa, wanda ƙafa ta saba da shi. A jefa bandeji da maganin ciwon jiki a jaka ɗaya, mai asma kuma kada ya bar abin shaƙarsa.

Ranar tafiya, ana idar da sallar asuba a kama hanya, ƙarfe bakwai ta same ku a gindin dutse. Ɗan jagora a gaba, mai ranar a bayansa, wanda ya fi kowa ƙarfi kuma shi ne na ƙarshe. Aikinsa kenan: ba wanda zai kasance a bayansa. Idan ɗaya ya tsaya, kowa ya tsaya, kuma kada a tashi da zarar ya iso, a bar shi shi ma ya sha iska. A kula da inda ake sa hannu, maciji yana son tsagin dutse. Ciyawa a busshe take ƙayau a wannan lokaci, don haka ba hura wuta, ba jefar da guntun taba.

A sama ba ma tsawaita buki. A cikinmu akwai wanda ba ya ra'ayin bikin ranar haihuwa, ya ce shi zumunci ya kawo shi, kuma ba wanda ya taɓa ja da shi. Mukan zauna a kan falalen dutse, a zuba shayi, tururi na tashi iska na kwashewa, Jos na can ƙasa cikin hazo. Sai kowa ya faɗi alheri ɗaya da mai ranar ya yi masa a shekarar. Wani ya ce, "Malam, ranar da aka kwantar da mahaifiyata kai ka kwana da ni a asibiti." Mai ranar ya sunkuyar da kai yana juya kofi. Daga nan babbanmu ya yi addu'a, Musulmi da Kirista kowa ya ce amin, a ɗauki hoto a wuri ɗaya da na bara.

Saukowa ta fi hawa haɗari, ƙafa ta gaji, hankali ya koma gida. Wata shekara ɗayanmu ya zo da silifas, ya gurɗe a gangara, muka yi ta karɓa-karɓa da shi a kafaɗa har bakin mota. Tun daga ranar, a gindin dutse ake duba takalmin kowa. A fara sauka kafin rana ta take, a tattara leda da gorar ruwa duka a buhu ɗaya, a sallami ɗan jagora da ɗan ihsani a kan abin da aka yi ciniki. Kafin motoci su rabu, ma'aji ya karanta abin da aka kashe da abin da ya rage, a buɗe kalanda a waya a sa alama a kan Asabar ɗin baɗi.