Kafin ka ce alƙalin ƙwallon raga ya yi coge

Daga Janairu zuwa Mayu, lokacin da jami'o'in Amurka ke buga ƙwallon raga ta maza, kunnena ba ya hutawa. Da usur ya tashi sai yaran da muke kallo tare su ɗau ihu, wai alƙali ya yi coge. Ko wasan ƙarshe na 2025, da Long Beach State ta lallasa UCLA mai kofi 21, cikin gardama muka kalle shi. Na gaji da maimaita bayani ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskuren shi ne rashin sanin wa ke gaba, wa ke baya. Mutum shida ne a fili, uku a gaba uku a baya, kuma akwai layi mita 3 daga raga. Ɗan baya yana da damar yin simash, wato dukan ƙwallo da ƙarfi daga sama, amma sai ya tashi daga bayan wannan layin, ƙafarsa ba ta taka shi ba. Inda zai dira ba ruwan alƙali, ko da gab da raga ne. To sai ka ji wani yana rantsuwa ɗan wasa ya shiga gaba, alhali dirarsa ya gani, bai ga tashinsa ba. Idan kuwa ɗan baya yana cikin yankin gaba, ba zai tura ƙwallo ƙetare ba muddin dukkanta tana sama da raga, wadda tsayinta a wasan maza mita 2.43 ne. Bulok ma, wato tare ƙwallo da hannu a saman raga, ba nasa ba ne.

Wannan dokar ta taɓa sa ni kuka. Ina seta, wato mai ɗaga ƙwallo a yi simash, a ƙungiyar makarantarmu, turmi na biyar mai ƙarewa a 15, suna da 14 muna da 13. Aka ɗago mini ƙwallo ta matse raga, na yi tsalle na dangwara ta can, ta faɗi babu kowa. Har na ɗaga hannu ina murna sai na ji usur, alƙali ya sauke damtsensa ƙasa, tafin hannu a buɗe. Na tsaya ina musu, kocinmu ya kama kafaɗata ya ce, "Yaro, a baya kake." Wasa ya ƙare 15 da 13. A mota babu wanda ya ce da ni uffan, kuma har yau ina jin nauyin wannan shirun. Tun daga ranar, kafin a buga sabis ba na kallon mai sabis, seta nake nema. Ƙungiyar da ke wasa da seta ɗaya, idan 'yan wasa na zagaya gurabe, juyi uku setan yana gaba, juyi uku yana baya. In ka riƙe wannan a ka, rabin ihunka zai ragu.

Na biyu, ƙidayar taɓi. Ku daina ƙirga bulok! A wasan cikin ɗaki, ƙwallon da ta taɓa hannun masu bulok ba ta shiga cikin taɓi uku, kuma wanda ya yi bulok ɗin yana iya sake taɓa ta nan take. Haka taɓin farko: idan simash ya zo da ƙarfi ya daki damtse ya daki ƙirji a motsi guda, babu laifi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a riƙe ƙwallo ko a jefa ta. Abin haushin, mutum bai taɓa tsayawa gaban simash ba, amma yana kan benci yana ƙirga huɗu da yatsu yana zagin wanda ya kwana a kan dokar.

Sai masu kwaso dokar mata su ɗora wa maza. Wasan mata na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, littafinsa daban, na maza kuwa a kan dokokin ƙasa da ƙasa aka gina shi. A na mata canjin 'yan wasa a turmi ya fi yawa, libero, wato ɗan baya mai riga daban, na iya buga sabis, kuma tun 2024 an sassauta taɓi biyu a wurin seta idan ƙwallon abokin wasa aka ba. A dokar FIVB, hukumar ƙwallon raga ta duniya, canji 6 ne, libero ba ya sabis. Ni dai kafin in buɗe baki sai na tabbatar da dokar da gasar ke bi.

Da na ambaci libero: idan ya ɗaga ƙwallo da yatsu yana cikin yankin gaba, ba a yi mata simash daga saman raga. Da damtse kuwa babu komai.

Sauran ƙanana ne. Sabis da ya goge raga ya tsallaka yana nan da rai. Ƙwallon da ta taɓa layi ciki ce. Ceto da ƙafa halal ne. Taka layin tsakiya ba laifi ba ne in wani ɓangare na ƙafar yana kan layin kuma ba a takura wa abokin hamayya ba. Ba a yi wa sabis bulok. Turmi kuma ba ya ƙarewa a 25 sai da ratar maki biyu, don haka kada ka tashi ka tafi a 25 da 24.